Wayar da Take Barci Tsakanin Azahar da La'asar

Talata, 22 ga Afrilu, bayan la'asar

Yau ma. Na dawo daga lekol, makarantar da nake koyarwa, na ajiye jakar takardun yara, na taɓa wayar, sai ga jan rubutu ya faɗo kamar yanzu aka turo shi: appel manqué, wato kiran da ba a ɗauka ba. Lambar Cadi ce, ban san ta ba. Kiran kuwa tun bayan azahar aka yi shi, lokacin ina zaune a ɗakin malamai, wayar tana kan tebur a gabana. Ban kashe mata murya ba, na duba. Ko tari ba ta yi ba.

Ni da nake koya wa yaran aji huɗu kimiyyar lantarki, kullum ina ce musu babu abin da ke faruwa ba dalili, ga abu a tafin hannuna ya gagare ni. Yaya waya za ta san an kira ta, har ta riƙe lokacin, amma ta ƙi faɗa sai an tashe ta?

Na san mai kiran. Tasa wayar tana cikin akwatin littattafan babansa tun ranar da ya ajiye ta a kan tabarma ya fita, kuma lambata kaɗai ya haddace. Ɗan farina ne, ba zan rubuta sunansa ba. Mahaifiyata ba ta taɓa faɗin sunan yayana ba har ta koma ga Allah. Ni ma, da duk karatun bokona, bakina ya ƙi, alƙalamina ma ya ƙi.

A ranar da ya fita, mijina, Malam Goni, ya rantse a tsakar gida: daga gidan nan ba kira, ba saƙo, ba aike. Duk da halin da nake ciki na saurari rantsuwar da kyau. Bai ce kada a ɗauka ba.

Ban kira ba.

Laraba, 23, da safe

Zafin Garwa bana har sabulu ya yi laushi a banɗaki.

Alhamis, 24, da yamma

Halime ta zo, ƙanwar Malam, mai sayar da shinkafa a babbar kasuwa. Ta gaida yayanta a zaure, jam na, jam, irin gaisuwar Fulani, ta wuce ciki, ta ja ni bayan madafi kamar za ta nuna mini tukunya.

Gaston, direban da ke kawo mata buhuna daga Yagwa, ya ga ɗana. Yana aiki a wani injin casar shinkafa kusa da bakin kogin Logon. Ya rame, amma lafiya lau. Injin yana da wifi, to idan an tsaya hutun rana sai ya ari wayar wani cikin ma'aikatan da ke tsallakowa daga Bongor ta ƙasar Cadi, ya kira ta manhajar intanet, tunda kiran layi daga lambar Cadi ba abin da ake ara wa mutum ba ne. Shi ya sa lambar take canzawa.

Sai Halime ta hau gyara ɗankwalin da bai karkace ba. Na ce ta ƙarasa.

Ta ce shinkafar rani ta kusa ƙarewa, za a rufe injin nan da mako biyu ko uku. Wasu samari za su bi mota zuwa Kusseri, daga can su tsallaka, daga can kuma gaba, hanyar da ba a dawowa da wuri. Yaron ma yana tunanin bin su. Ya gaya wa Gaston yana kiran gida ba a ɗauka. Ya ce ya gane.

Bai gane komai ba. Ni ma ban gane ba tukuna, amma zan gane.

Juma'a, 25, da hantsi

Na nemi izinin shugaban makaranta na shiga aji da waya, na ce gwaji ne. Ban yi ƙarya ba.

Madam Rosalie, mai koyar da Faransanci, ta zauna a ɗakin malamai da tata wayar, ni da yara muka sa tawa a kan tebur muka zuba mata ido. Na ce kowa ya fara faɗin abin da yake tsammani kafin mu gani. Hibatullahi, mai zama a gaba, ta ce rezo ne, wato rashin sabis. Wasu suka ce zafi. Wani daga baya ya ce aljannu, aka yi dariya, na ce a rubuta shi ma, gwaji ne zai raba gardama.

Kiran layi: ta yi kuka, ko tana kunne ko ta yi duhu. Kiran intanet, gilashi yana haske: ta yi kuka. Gilashi ya mutu yanzu-yanzu: ta yi kuka. Sai muka bar ta a kife, muka yi darasin batir har aka kusa tashi, sannan na aika a ce wa Rosalie ta sake. Muka yi tsit, ajin da ba ya shiru ko sufeto ya zo. Babu komai. Rosalie ta leƙo ta taga ta ce a wurinta yana ta ringin. Na taɓa gilashin, jan rubutun ya faɗo, yara suka yi ihu kamar an ci ƙwallo.

Aristide, sarkin surutun aji, ya ce, "Madam, wayarki 'yar Garwa ce ta asali. Wa kika taɓa samu a farke da azahar a garin nan?"

Na yi dariya da gaske, irin wadda na kwana biyu ban yi ba. Ashe barcin waya hawa-hawa ne: akwai gyangyaɗi, akwai mai nauyi. Na ba su aikin gida: me waya take kashewa idan barcinta ya yi nisa, kuma don me?

Hibatullahi ta tsaya bayan an fita, ta tambaye ni ko wani kira nake jira. Na ce ta je kada ta rasa mai babur.

Asabar, 26, bayan azahar

Na samo shi. Na bi saitin wayar ɗaki-ɗaki, har na kai wurin tanadin batir. A kunne yake, a mataki mafi tsanani. A ƙarƙashinsa an rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa idan gilashi ya daɗe a kashe, za a yanke wa manhajoji intanet.

Ba ni na kunna shi ba.

Watan jiya ne, da aka fara ɗauke wuta kullum. Ɗan farin nan nawa ya same ni ina mita wayata ta mutu tun kafin la'asar. Ya miƙo hannu ya ce, "Madam, kawo nan." Madam yake ce mini tun da na koyar da ajinsu, don tsokana. Ya danna nan, ya danna can, ya mayar mini ya ce yanzu za ta kai ni har magariba. Ta kuwa riƙa kai ni. Har yabon sa na yi wa Rosalie, ba tare da na faɗi wa nake yabo ba.

Na daɗe ina kallon ɗan koren maɓallin. Sannan na kashe shi.

Litinin, 28, da la'asar

Ba wuta tun jiya. Ba tanadi, batir ya mutu kafin azahar. Yaron nan ya san abin da ya yi.

Talata, 29, da yamma

Na cika ta a kantin mai caji kusa da makaranta, na sa ta a aljihun riga, a jikina, don in ji ko motsinta. Da aka tashi na duba. Jan rubutu. Wata lambar ce dabam.

Na zauna a kan matakalar ofis har mai gadi ya tambaye ni ko lafiya.

Abin mamaki, akwai wani mai tanadin na biyu a can ciki, wanda masu ƙera wayar suka dasa, ba ya jin maganar na farko. Na kashe abin da na ga yana kasuwa. Na gwada da Rosalie: wani lokaci ta yi kuka, wani lokaci shiru. Abu ɗaya ne bai taɓa kuskure ba: gilashi yana haske, manhaja a buɗe. Wato sai a riƙa taɓa ta kafin ta lumshe ido, kamar yaron da ake hana wa barci a kan babur.

Ban kira ba. Yatsana ya je har kan lambar, ya dawo.

Laraba, 30, bayan magariba

Halime ta ce ita ba a gidan nan take ba, rantsuwar yayanta ba ta hau kanta ba. Ta tura saƙon murya zuwa lambar jiya, dogo, da kuka a ƙarshensa. Amsa ta zo daga wani tsoho, da yaren Masa da ɗan Faransanci, yana tambaya ko ita ce mai sayen awaki. Muka saurara sau biyu. Muka yi dariya har Halime ta riƙe ciki, daga nan dariyar ta juye, sai na tashi na ɗora ruwan zafi.

Gaston kuma ya yi Ngaundere da kaya, wayarsa ba ta shiga.

Alhamis, 1 ga Mayu, da la'asar

Hutun ma'aikata. Tun kafin azahar na zauna a inuwar darbejiyar tsakar gida, waya a cinya, ina taɓa ta a kusurwar sama ta dama, inda babu abin da zai buɗe. Ta yi kamar za ta dushe, in taɓa. Ta yi kamar za ta dushe, in taɓa.

Malam ya sallami yaran zaure, ya shigo zai yi ƙailularsa. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa ganin ranar da ya bar barcin nan ba, ko ranar suna ce. Ya wuce ni, ya dawo, ya tsaya, hannunsa duk tawada. Ya tambaya ko tasbihin zamani ne wannan.

Na ce darasi ne nake shiryawa. Na yi masa bayani kamar yadda zan yi wa aji, don da wannan muryar kaɗai nake iya magana ba tare da ta yi rawa ba. Na ce kiran layi kamar baƙo ne da ya sami mutum zaune a zaure, kowane lokaci akwai mai amsawa. Kiran intanet kuwa sai ya kai ga wanda ke can ƙuryar ɗaki. Idan wayar ta yi barci mai nauyi, sai ta ja ƙofar tsakiya ta rufe. Baƙo yana waje yana ta sallama, yana jin muryarsa tana shiga, yana tsammanin ana jin sa. Na ciki bai ji komai ba, sai ya farka ya ga sawun takalmi.

Malam ya kalli wayar, ya kalli darbejiya. Ya ce, "Sallama uku ce. In ba a amsa ba, mutum ya juya. Haka na koya wa kowa."

Na ce, "In na ciki ya ji, Malam."

 Gilashin ya fara dushewa, na taɓa. Ya tsaya ya ga na sake taɓawa, sannan ya shiga ɗaki.

Wanda aka koya wa uku ya wuce uku tuni. Wannan ban faɗa ba.

Yau ba a kira ba.

Lahadi, 4, da yamma

Jiya ma, yau ma, ina zaune har la'asar. Babu.

Gobe za a fara jarrabawar gwaji ta BEPC, ta gama ƙaramar sakandare, mako guda. Masu tsaro ba sa shiga da waya, a ofis ake kulle su. Na tambayi Malam ko zan iya barin tawa a zaure, a jikin ɗan batir ɗinsa mai cajin rana, tunda ba wuta. Bai ɗago daga allon da yake rubutawa ba. Ya ce, "Ajiye."

Litinin, 5, bayan la'asar

Ba jan rubutu. Amma ga wani sabon abin mamaki: na bar ta a kusan cike, a jikin caji, na dawo na tarar ta yi ƙasa da rabi, kuma da ɗumi kamar ƙwan da aka ɗauko daga ƙarƙashin kaza. Wayar da ke barci ba ta cin batir haka. Ko zafin zaure ne? Batir ba ya son zafi, wannan a manhajar aji uku ma akwai shi. Ko igiyar cajin ce ta lalace?

Yarana sun yi ƙoƙari a lissafi. Aristide ya fito yana cewa tambaya ta ƙarshe ba ta da iyaye.

Talata, 6, bayan la'asar

Na canza igiya. Haka dai. Na ajiye ta a kan taga, na same ta a gefen buzun Malam.

Ya yi gyangyaɗi a kan tuwon dare, abin da bai saba ba.

Laraba, 7, da yamma

Na ɗauko tsumma zan goge gilashin, sai na karkata shi wajen haske.

A kusurwar sama ta dama akwai ɗigo baƙi-baƙi, ɗaya a kan ɗaya, har sun yi kauri. Na shinshina. Ƙaro da gawayi. Tawada ce. Zanen yatsa ya fito a jikinta sarai, babba, ya fi nawa faɗi. Babu ko ɗigo a wani wuri, sai nan inda babu abin da zai buɗe.

Malam, mutumin da wayarsa mai maɓalli ce, wanda yake kiran tawa madubin 'yan mata.

Yanzu na san inda batir yake tafiya, na san inda ƙailula ta tafi. Da a aji ne da na ce wa yara su tafa, an warware matsala. Na ninke tsumman na mayar. Da na kai masa shayi idanunsa jajaye ne. Na ce zafi ya yi yawa bana. Ya ce ƙwarai.

Alhamis, 8, da safe

Halime ta sami Gaston a waya. Yana hanyar Yagwa. Asabar za a rufe injin, motar Kusseri kuma Lahadi da asuba.

Juma'a, 9, bayan la'asar

Jan rubutu.

An kira daidai lokacin huɗuba. Ni ina ɗakin jarrabawa ina tattara takardu, Malam yana masallaci, wayar tana zaure ita kaɗai, ta yi barcinta.

Malam ba ya karanta Faransanci, amma ya san ja. Na same shi zaune a kan buzu da rigar Juma'arsa bai cire ba, wayar a gabansa, yaran zaure an sallame su tun kafin lokaci. Na yi sallama ya amsa a ciki. Na ɗauki wayar kamar ban ga komai ba. Abincin rana na nan yadda na rufe shi.

Halime ta ce Gaston zai isa Yagwa gobe da yamma, in mota ba ta ba shi matsala ba. Da yamma an riga an rufe injin. Ba ta san inda yaron yake kwana ba, Gaston ma bai sani ba.

Lambar tana nan a gabana. Ban kira ba. Yau kam ban san ko daidai na yi ba.

Asabar, 10, da hantsi

Yau ba makaranta. Zan iya zama a gindin darbejiya in riƙe ta da kaina, in ji muryarsa. Tun asuba nake shirya abin da zan ce.

Sai na yi abin da nake sa yara su yi: na tambayi kaina me nake tsammani zai faru. Zan ɗauka. Zai ce Madam. Zan ce ba ƙin ɗauka aka yi ba, waya ce. Zai yarda, don ya fi ni sanin waya. Sannan zai yi tambaya ɗaya, wadda ba ni ce mai amsarta ba. In na ce ya dawo, zai ce wa ya ce. Ba daga gabana ya tashi ya fita ba.

Na cika batir fal. Na sa mayafi.

Asabar, bayan magariba

Na ce wa Malam zan je wurin Halime a kasuwa. Ya kalli rana, ya kalle ni, ya ce da wannan tsakar ranar? Na ce akwai shinkafar da ba na son ta wuce ni. Na ce wayar ba caji, zan bar ta a nan. Tana cike, hasken yana nunawa, mu duka biyu muna gani. Ya ce, "Ajiye."

A rumfar Halime na zauna a kan buhu. Ta ce ni mahaukaciya ce, boko ya cinye mini zuciya, ta ba ni ruwan sanyi, ta sake ce mini mahaukaciya. Na taya ta awo. Na ba wata mata mudu biyu a maimakon ɗaya, Halime ta karɓe mudun daga hannuna. Ban san rana tana iya daɗewa haka tsakanin azahar da la'asar ba. Na riƙa tunanin ko yaron ya gaji ya bari, ko jiya ce ta ƙarshe, ko barci ya sace Malam bayan kwana biyar.

Da na dawo unguwarmu Pumpumre, yara suna karatu a zaure da ƙarfi kamar kullum. Malam yana rubutu. Wayar tana kan taga, an mayar da ita daidai inda na ajiye, har igiyar an nannaɗe. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, ya tsoma alƙalami a tawada.

Ya ce, "Madubin nan naki ya yi kuka."

Na ce, "Ya yi?"

"Yana damun yara da karatu. Sai na ɗauka."

Na jira. Ya rubuta layi guda har ƙarshe, ya hura masa iska.

"Wai motar wani Gaston za ta taso Talata. Ta nan, ba ta arewa ba." Ya juya allon. "Ɗakin waje ya yi ƙura. A share."

Na ce to. Na tambaya ko in kawo shayi. Ya ce a'a, zai ɗan kwanta kafin magariba, ko da yake ba lokacinsa ba ne. Kafin in kai ƙofar tsakiya na ji ya ce wa babban ɗalibinsa ya ja karatun.

Har yanzu yana barci. An yi kiran salla, na rasa yadda zan tashe shi.

Lahadi, 11, da safe

Na share ɗakin. Na shanya katifa.

Gobe zan karɓi aikin gidan yara, in ga wa ya gano abin da waya take kashewa. Ina tsammanin Hibatullahi.

Tawadar tana nan a kusurwa, ban goge ba. Na koma cikin saiti, na nemo ɗan koren maɓallin, na mayar da shi yadda ya bar mini. Gilashin ya dushe a hannuna, na ƙyale shi.